Layin Dogon da Baffa Ya Shimfiɗa a Bayan Rumbu

Yau da hantsi matar maƙwabcinmu ta shigo mini da tukunya a rufe da faifai. Ta ce ɗakin surukarta za su yi wa daɓe, tsohuwar ta rantse ba za ta ƙara kwanciya a kan siminti ba, sanyinsa yana shiga mata ƙashi. Sun jiƙa makubar da za su yayyafa wa daɓen kwana uku, amma duk gidan babu wanda ya san ko ta yi ko ba ta yi ba. Ta ce, "Hajiya, an ce ke kaɗai kika rage a unguwar nan da kika san warinta." Na ce ta buɗe. Tana ɗaga faifan warin ya doke ni, ɗan tsami, ɗan ɗaci, irin na ɓawon ɗorawa da ya kwana cikin ruwa. Na ce ta ajiye ta dawo anjima. Tana fita na kira jikanyata na ce ta ɗauko takarda. Ni ban yi boko ba, abin da na faɗa shi za ta rubuta, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini ko kalma ɗaya don ta yi mini kara.

Ƙauyen da aka haife ni yana tsakanin Gwarzo da Kabo, ta wajen Gude. Jirgin ƙasa bai taɓa bi ta wajenmu ba, har yau ɗin nan da nake magana. A zamanin da nake ba ku labari, in ka cire mutum biyu ko uku da suka taɓa kai gyaɗa Kano, babu wanda ya taɓa ganinsa da ido. Labarinsa kawai muke ji, kamar yadda muke jin labarin teku.

Baffa yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya bar gida tun ba a haife ni ba, ya shiga aikin reluwe, cikin leburorin da ke shimfiɗa dogo suna gyara shi. Ya dawo ina da shekara tara ko goma, da kaka, an gama yankan dawa, kara ya cika ko'ina. Da akwatin ƙarfe ɗaya ya dawo. Hannunsa na hagu babu yatsu biyu, idonsa ɗaya ya yi yana, hancinsa kuwa hayaƙin jirgi ya kashe shi, ko tuwo ya ƙone a gabansa ba ya ji. Matarsa ta rasu a can, Allah bai ba su haihuwa ba.

Kakanmu ya rasu ya bar gona ɗaya babba, mai fadama a ƙasanta. Ba a taɓa raba ta ba. Baba ne ke noma ta shi kaɗai duk shekarun nan, ya tuge kututturanta, ya kai mata taki a kan jaki har ƙasar ta yi baƙi. Kwana bakwai da dawowar Baffa, suna cin tuwo a zaure, na kai ruwa, sai na ji ya ce a raba gonar kafin ruwa ya sauka, yana so ya noma rabonsa da hannunsa kafin ya mutu. Baba ya ce, "To, Yaya." Ni tun ina ƙarama ba na yawan magana, kallo nake yi. Na kalli fuskar Baba sa'ad da ya ce to ɗin nan, na san ba to ba ce.

Da Baffa ya zauna a ƙofar gida yana jan carbi kamar sauran dattawa, da ya sami gonarsa. Amma bai iya zama ba. Kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne duk sanda ya ba da labarin aikinsa a dandali, sai a yi ta murmushi. Ya ce kan jirgi guda ɗaya yana jan kayan da jakunan ƙasar Gwarzo duka ba za su ɗauka ba, a kan ƙarfe biyu da ba su fi faɗin tafin hannu ba. Wani ya ce, "Baffa, ba ya zamewa?" Aka yi dariya. Washegari da safe ya ɗauki fartanya ya zagaya bayan rumbunmu.

Ƙasa ya fara tarawa. Ya yi kunya doguwa kamar ta dankali, ta tashi daga gindin rumbu da tudu, ta gangara a hankali, ta yi kwana ta zagaye tsamiyar bayan gida, ta miƙe har danga. Taku arba'in ko fiye. Yana da wata kwalbar turare da ya cika da ruwa ya bar ɗan kumfa a ciki. Sai ya kwantar da ita a kan ƙasar, ya kwanta shi ma rub da ciki, ya rufe ido mai yanar, ya yi ta kallon kumfan. In bai tsaya inda yake so ba, sai ya kankare ƙasar ko ya ƙara. Mako biyu ya yi yana wannan. Mata masu zuwa rijiya suka fara leƙe ta saman danga.

Ku sani, Baffa ba wawa ba ne. Ya san ƙasarmu tana da gara, ya san kuma da kara zai yi aikinsa. Don haka ya ce sai ya yi wa kunyar daɓe da makuba, domin makuba tana ƙarfafa ƙasa, gara kuma ba ta son ta. To amma makuba kayan mata ce. A wajenmu kuwa matar ƙane ba ta tsayawa ta yi magana da yayan mijinta, kunya ce. Sai ya aiko ni. Na je na ce wa Inna, Baffa ya ce a taimake shi da ruwan makuba tulu biyu. Baba yana zaune a ƙofar ɗaki yana gyaran igiyar jaki. Inna ta kalle shi. Bai ɗago ba, ya ce, "Ki ba shi abin da ya yi kama da ita."

Inna ta jiƙa karan dafi, ta jefa kanwa a ciki. Ruwan ya yi ja, ya koma duhu-duhu, in dai da ido ne ba ka raba shi da makuba. Amma ko 'yar shekara biyar a gidanmu ta san makuba da hanci ake gane ta. Ni na ɗauki tulun a kaina na kai masa. Ya tsoma yatsa ya ɗaga a rana, ya ce, "Madalla. Ki ce mata Allah ya yi albarka, ta yi kauri." Ya kai hanci ma, don al'ada. Ina tsaye ina kallonsa. Na koma na ɗauko na biyu.

Mata suka ƙi yi masa daɓen, suka ce ba a yi wa filin Allah daɓe. Sai ya ari madaɓi ya yi da kansa. Ku da kuka tashi a kan siminti ba za ku gane nauyin abin ba. Namiji mai furfura, a durƙushe, yana dukan ƙasa da madaɓi kamar matan da aka gayyato ɗakin amarya. Ranar har daga ƙauyen gaba aka zo kallo. Baba ya fito ya tsaya a cikin masu kallon, ya sunkuyar da kai kamar abin yana ba shi kunya, yana cewa a hankali, yadda kowa zai ji, "Ku taya mu da addu'a."

Da daɓen ya bushe sai ya shiga aikin da har yau ban ga irinsa ba. Sillen kara ya zaɓa, masu kauri ɗaya, ya yanyanka su tsawon ɗan yatsa, ɗaruruwa, ya ce su ne matasan da dogo ke kwanciya a kai. Ya jera su a gicciye, tsakanin kowane biyu faɗin babban yatsansa. Dogon kuwa da garwar kananzir ya yi shi. Yakan yanka ta siri-siri da wani ƙaton almakashi da ya zo da shi, ya naɗe kowane yanki a kan bayan wuƙa, ya bubbuga da ƙaramar guduma har ya miƙe, ƙasansa ya yi ɗan leɓe. Sai ya ɗora a kan matasan, ya kafe leɓen da ƙayar aduwa, biyu ciki biyu waje. Ya tankaɗe tsakuwar rafi da rariya, ya zuba a tsakani har ta rufe gefen karan, sai bayansu kawai ake gani. A rana ɗaya bai fi ya yi taku ɗaya ba. Duk inda dogo ya haɗu da dogo sai ya bar 'yar kafa, wadda farce zai shiga.

Abin da ya fi daraja a wajensa wani ɗan katako ne mai tsaga biyu, da ya sassaƙa da kansa. Geji yake ce masa. Tsakanin tsagar nan da waccan faɗin yatsunsa uku ne. Ba ya kafa ƙaya ɗaya sai ya ɗora gejin a kan dogayen biyu ya ji sun shiga tsagogin daidai. A wuya yake rataye shi da zare, kamar laya.

Ni ke kai masa abinci. In na ajiye ba na tafiya, sai in tsaya a jikin rumbu, hannuna a baya, ina kallo. Wata rana ya ɗago ya yi dariya ya ce, "Ke kam sufeto ce. Haka suke tsayawa a kanmu, ba sa cewa komai, sai an tashi aiki ka ji an kore ka." Daga ranar ya daina kirana da sunana. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin sunan. A gidanmu ba wanda ya taɓa lura cewa ina kallo. Yakan yi mini bayani ba tare da na tambaya ba. Ya ce kafar nan da yake bari don ƙarfe yana miƙa in ya sha rana. Ya ce in ka kara kunne a dogo za ka ji jirgi tun yana nesa. Ya ce in tsakanin dogo biyu ya ƙaru da kaurin farce, mutane sun mutu, ya gani da idonsa, shi ya kwashe su.

Abin da ya raba mu ƙarami ne. Ya gama kwanar tsamiya, ya tafi alwala, na tsuguna na ɗora yatsa a kan dogon ina bi da shi, don in ji santsinsa. Ban san na danna ba. Ya dawo ya ga ya ɗan lotsa. Ya cire gejin daga wuyansa ya buge mini bayan hannu da shi, sau ɗaya, amma da ƙarfi, a gaban 'yan matan da ke leƙe ta danga. Ya ce, "Sufeto da ido yake aiki, ba da hannu ba." Suka kwashe da dariya. Ban yi kuka ba. Na ɗauki kwanon abincin na koma ciki.

Yanzu sai in gaya muku aikina a gidanmu. Ni ce mai kiran gara. Inna tana kiwon kaji da zabi, 'yan tsaki kuwa ba abin da ke sa su girma kamar gara. Tsohuwar tukunya za ki samu, ki cusa mata guntayen kara da busasshen kashin shanu, ki yayyafa ruwa, ki kife ta a inuwa inda kika san akwai hanyar gara a ƙasa. Gobe da safe ki ɗaga, ta cika tana motsi, ki kakkaɓe wa tsaki. Tun ina 'yar shekara shida nake yi. Na san duk inda gara ke bi a bayan gidanmu fiye da yadda na san hanyar rijiya. Na kuma san babbar hanyarta ta ƙarƙashin tsamiyar nan take, daga wani tsohon shuri da aka rushe.

Kara yana nan, shi ya jera da hannunsa. Inuwa tana nan. Makuba babu. Abu biyu kawai suka rage. Kullum da sassafe, sa'ad da maza suke masallaci, ni kuma an san lokacin duba tukunyata ne, sai in murmushe kashin shanu ya zama gari, in ɗaga tsakuwar kwanar da tsinke, in tura shi ƙarƙashin matasan, in yayyafa ruwa kaɗan, in mayar da tsakuwar yadda take. Ba wanda ya sa ni. Ina so a rubuta wannan da kyau. Inna ba ta sa ni ba, Baba bai sa ni ba. A kwana na biyar na ɗaga tsakuwa na ga jan ginin gara ya hau ƙasan kara. Gara ta ciki take ci. Takan cinye totuwar ta bar ɓawon a tsaye yana sheƙi, ka rantse lafiyarsa lau. Baffa yana bin layinsa kowace safiya yana ƙwanƙwasa dogon da ƙusa, yana dubawa da ido ɗaya. Ta sama yake dubawa, shi da ya saba da ƙarfe.

Bazara ta shigo, zafi ya tsananta, gajimare ya fara taruwa ta gabas. Baffa ya sake ta da maganar rabo. Sai Baba ya sa babbar riga ya tafi gidan Dagaci. A al'ada, in aka tabbatar mutum ya sami taɓuwa, ba a danƙa masa gona, ɗan'uwansa ke riƙe masa amana yana ciyar da shi. Dagaci ya kira Baffa. Baffa ya ce shi ba wasa yake ba, sana'arsa ce yake nuna wa mutanen garinsu, don su san a kan me ya ƙarar da ƙuruciyarsa. Liman ne ya yanke maganar. Ya ce aikin mai hankali yana tsayawa, na mai taɓuwa kuwa ba ya kai ko'ina, don haka a je a gani. In jirgin ya tashi daga rumbu ya isa danga kamar yadda ya faɗa, a raba gona. Baffa ya yi murna. Shi ya fara cewa ya yarda.

Ranar Juma'a ce, bayan la'asar. An shimfiɗa wa Dagaci da Liman tabarma a gindin tsamiya, daidai kwanar. Maza suka kewaye, mata suka jeru a bayan danga. Baffa ya fito cikin tsohuwar rigarsa ta kaki mai maɓallan tagulla, ya wanke ta ya goge, da usur a aljihu. Ranar muka fara ganin jirgin, domin a akwatinsa yake ɓoye shi. Kan jirgin gwangwanin madara ne da ya cika da dalma don nauyi, ya kafa masa hancin buta a sama, wai nan hayaƙi ke fita. Taragu biyar na gwangwanin kifi. Ƙafafun kuwa kwarkwaron zare ne da ya roƙo wajen wani tela a kasuwar Kabo, ya raba kowanne biyu. Da ya ɗora su a kan dogon suka zauna daram, na ji wani dattijo ya ce, "Kai, jama'a." Ba wanda ya yi dariya. Na kalli Baba, na ga goshinsa ya jiƙe.

Dagaci ya ce, "Ka ce kaya yake ɗauka. To ɗora masa mana."

Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, da gyaɗa aka san shi." Aka kawo gyaɗa a ƙwarya, ya cika taragun har baki. Ya miƙe, ya dubi layin tun daga rumbu har danga, ya kori wata kaza, ya busa usur, ya saki.

Wallahi ya tafi. Har yau ina jin ƙararsa, ƙas-ƙas, ƙas-ƙas, duk sanda ƙafa ta haye 'yar kafar nan da yake bari. Ya fara a hankali, ya ƙara gudu, taragun suna binsa ɗaya bayan ɗaya ba mai kauce wa ɗan'uwansa. Mata suka fara guɗa. Liman ya ɗaga gwiwa don ya gani da kyau. Ya shigo kwanar tsamiya da nauyinsa duka, ya jingina a dogon waje. Ƙayoyin ba su da abin riƙewa. Dogon ya buɗe kamar baki, kan jirgin ya faɗa tsakani ya kifa, taragun suka hau kansa, gyaɗa ta watse har kan tabarmar Dagaci. Kaji suka rugo.

Dariyar da aka yi ranar, ban ƙara jin irinta ba. Har da masu riƙe ciki. Baffa bai ji su ba. Ya durƙusa, ya ciro gejin ya ɗora, dogayen suka ƙi shiga tsaga. Ya danna matashi ɗaya da yatsa, ya burme, jar ƙasa ta zubo da fararen gara suna gudu. Ya danna na biyu. Ya danna na uku. Ya ce, "Na yi makuba. Ranka ya daɗe, tulu biyu na yi." Wata tsohuwa ta bayan danga ta ce, "Makuba? A ina? Mu dai ba mu ji warinta ba." Aka sake fashewa.

Baba ya share goshinsa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga yarinyar da ke kai masa abinci. Yaro ba ya ƙarya. A tambaye ta abin da take gani." Aka jawo ni gaba. Na durƙusa. Dagaci ya ce, "Ke 'yata, kada ki ji tsoro. Me Baffanki yake yi a nan in ba kowa?"

Na ce yana kwanciya a ƙasa ya yi ta kallon ruwa a kwalba. Na ce yana kara kunne a gwangwani ya ce yana jin jirgi. Na ce ya ce ƙarfe yana miƙa kamar mutum. Na ce kullum da safe yana bin layin yana ƙwanƙwasa shi, yana kiran Zariya, Kaduna, Minna, ba kowa a wajen. Na ce ya ce in karan nan ya goce da kaurin farce mutane za su mutu. Ban ƙara ko ɗaya ba. Duk abin da na faɗa ya faru. Na san dalilin kowanne, domin shi ya gaya mini da bakinsa, amma ba a tambaye ni dalili ba, ni kuma ban bayar ba.

Liman ya girgiza kai ya ce Allah ya sawwaƙe. Dagaci ya ce gona ta zauna a hannun Baba amana, ya ci da ɗan'uwansa, ya tufatar da shi, har Allah ya kawo sauƙi. Aka yi fatiha. Baffa yana durƙushe a wajen, da gejin a hannu. Bai kalli Baba ba. Ni ya kalla, da ido mai ganin.

Da magariba aka yanka kaza a gidanmu. Kun san ƙundu na maigida ne, ba mai taɓa shi. Ina zaune ina cin tuwona sai ga Inna ta dawo daga zaure da shi a murfin kwano, ta ajiye a gabana, ta ce Baba ya ce a ba ni. Ta ɗan tsaya, ta ce, "Na ga kwanan nan kashin shanun tsaki yana saurin ƙarewa." Ta juya ta tafi. Na cinye ƙundun. Yana da daɗi, ba zan ce babu ba.

Ruwan farko ya sauka bayan kwana huɗu, ya wanke kunyar, ruwan ya gangara ja kamar an yi yanka. Yara suka tsince gwangwanayen. Aka fara bin Baffa da waƙa in ya fito: Baffa mai jirgi ina za ka, gara ta cinye tasha. Ni na ƙirƙiro ta. Damina huɗu ya yi bayan haka, yana kwana a ɗakin kusa da zaure, yana noma a gonar ubansa a bayan Baba, a kunyar da aka nuna masa. Bai ƙara ba da labarin jirgi ba. In an tambaye shi don tsokana sai ya ce ya manta.

Sau ɗaya ya ƙara yi mini magana mai tsawo. Wata safiya ce a daminar farko. Ina tsugune a gindin tsamiya ina shirya tukunyata, na murmushe kashin shanu, na tura shi ƙarƙashin kara da tsinke, na yayyafa ruwa. Sai na ga inuwa a kaina. Ban san tun yaushe yake tsaye ba, hannunsa a baya. Ya kalli tukunyar, ya kalli tsinken, ya kalli inda kwanarsa take a da. Na jira in sha duka. Sai ya ce, "Ashe ke ma ma'aikaciya ce. Kwana nawa ya ɗauke ki?" Na ce goma sha biyu. Ya gyaɗa kai ya ce, "Aiki mai kyau. Ko alama ba ki bari ba." Ya cire gejin daga wuyansa ya jefa mini a cinya. "Riƙe. Dama a hannun sufeto yake zama."

Ya rasu ban nemi gafararsa ba. Na yi niyya sau da yawa, to amma a wajenmu yarinya ba ta tare babba da magana, kuma da na girma na gane ba kunya ce ta hana ni ba. Da Baba ya rasu aka raba gado, rabona ya faɗo a fadama, daidai ɓangaren da Baffa ya nuna yana so. Da ita na ci da 'ya'yana bayan mijina ya rasu. Da shinkafarta da rakenta suka yi karatun da ni ban yi ba. Da ita na je Makka. Na yi masa addu'a a can, na yi masa sadaka, ban sani ba ko ta isa.

Yanzu tsamiyar babu, rumbun babu, wajen an yi shaguna. Yaran yanzu ba su san sillen kara ba, kaji ma buhu ake saya musu. Jikokina suna nuna mini jirgi a waya yana gudu kamar iska, suna cewa Hajiya kin taɓa ganin jirgi? In ce na gani sau ɗaya, ya yi rabin hanya. Suna cewa na cika tsanani, wai ba na barin yara su tsaya inda manya ke magana. Gaskiya ne. Mai surutu ba ya damuna. Amma in na ga yarinya ta jingina da bango, hannunta a baya, tana kallo ba ta cewa komai, nan take nake aikenta.

Gejin yana cikin adakata. Da yake a hannuna ina yarinya, yatsuna huɗu ke shiga tsakanin tsagogin. Yanzu uku ne, daidai.

Matar maƙwabcin ta dawo bayan azahar. Na sa ta ta sake buɗe tukunyar, na sunkuya na shaƙa sosai, sau biyu, har idona ya kawo ruwa. Ta ce, "Hajiya, ta yi?" Na ce ta yi, wannan ta gaske ce. Na ce kuma ta ɗauka da kanta ta kai, kada ta ba yarinya.